Ta Tashi, Tana Aiki: Masu Gyaran Kwamfuta a Jega, Aliero da Maiyama

Titin da ya taso daga Sakkwato ya bi ta Tambuwal, ya ratsa Aliero, ya faɗo Jega, sannan ya miƙe kudu ta Maiyama zuwa Koko da Yawuri, titi ne na albasa da shinkafa da manyan motoci. Wanda ya wuce a guje ba zai lura da ƙananan shagunan da ke maƙale tsakanin masu cajin waya da masu POS ba, waɗanda aka zana hoton kwamfuta a bangonsu, janareto na kuka a bakin ƙofa. A cikinsu ne ake buga takardar shiga makaranta, a duba sakamakon WAEC da NECO, a tsara katin ɗaurin aure, a cike fom ɗin neman aiki. A bayan kowace kwamfutar da ke wannan hidima kuwa akwai mutum guda da ake kira idan ta ƙi tashi. Ɗalibai suna ce masa Injiniya, yaran shagonsa suna ce masa Maigida, dattawa kuma mai gyaran kwamfuta kawai suka sani.

Sana'ar ba ta daɗe a wannan yanki ba. Kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kebbi a Aliero a shekarar 2006 shi ya tara dubban matasa masu buƙatar buga takardu a garin da a da albasa da masu ɗori ne suka fitar da sunansa. Jega tana da kwalejin koyon aikin lafiya, ga kasuwa mai tarihi tun zamanin Daular Sakkwato. Kowanne daga cikin garuruwan uku hedikwatar ƙaramar hukuma ne, da sakatariyarsa da ma'aikatanta da takardun albashi. Sai kuma gwamnati ta riƙa kwashe al'amuran jama'a tana mayar da su kan intanet ɗaya bayan ɗaya: BVN a 2014, jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, umarnin haɗa layin waya da NIN a ƙarshen 2020. Manomin da bai taɓa taɓa linzamin kwamfuta ba ya wayi gari takardun ɗansa, da nasa, duk sai sun bi ta kafe, wato irin waɗannan shaguna.

Teburin mai gyara ba ya da yawan kaya. Sukudireba ƙanana, mita ta auna wuta, ƙarfen narka dalma, buroshi, abin hura iska, tarin cajoji da aka ƙulle da roba, da gawarwakin tsofaffin kwamfutoci a ƙarƙashin benci waɗanda ake cirar ƙusa ko fanka ko madannai daga jikinsu. Yanayin ƙasar nan shi ke tsara masa aiki. Da hunturu ƙura ke toshe fanka, inji ya ɗau zafi ya riƙa kashe kansa. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, batura ke kumbura. Wutar da kamfanin rarraba lantarki na Kaduna ke kawowa jihar, idan ta zo da ƙarfi, tana iya tafiya da caja ko ta ƙone wani abu a kan allon injin. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowace sa'a da janareto ya yi yana aiki sai an lissafa ta cikin kuɗin gyara.

Akasarin masu sana'ar a hannu suka koya. Yaro yakan fara da shara da aike, sai a ba shi kwance ƙusoshi, sai canza sikirin, kafin a bar shi ya taɓa injin mutane shi kaɗai. Wasu sun yi zaman koyo a Kano ko Sakkwato ko Birnin Kebbi, wasu ɗaliban jami'a ne da suka fara da gyara wa abokan ɗaki, wasu kuma YouTube ne rabin malaminsu. Ina girmama wannan ilimi ƙwarai. Mutumin da zai saurari ƙarar fanka ya gane ciwon inji, ko ya bi layin wuta a kan allo da mita har ya gano ƙwaya ɗaya da ta ƙone, ya ceci kwamfutar da a Turai kwandon shara za ta, ya cancanci sunan da ɗalibai ke kiransa da shi.

Kayan da yake gyarawa kuwa kusan duk na hannu ne. Daga ofisoshin Ingila da Amurka suke fitowa bayan an gama morarsu, su sauka a Legas, su bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko titin Beirut a Kano, su iso nan. HP Folio 9470m, EliteBook 840, Dell Latitude, ThinkPad: injuna masu ƙarko, waɗanda da yawansu sun haura shekara goma da ƙerawa. Ƙarfen yana da sauran rai. Abin da ke tafiyar da shi ne ya tsufa.

Aikin da ya fi kawo wa mai gyara kuɗin cefane shi ne fomat. Kwamfuta ta yi nauyi, ko ta cika da ƙwayar cuta, ko ta ƙi buɗewa, sai a share komai a ɗora mata Windows sabuwa daga filashin da ke rataye a wuyan Maigida. A nan ne ake yin wata 'yar gajeruwar magana da ake maimaitawa a kowane shago. Mai kaya zai ce, "Injiniya, don Allah a sa mini wadda ba ta da nauyi, kuma wadda ba ta shan data." Injiniya zai duba ƙarfin injin ya ce, "To, sai dai bakwai, ko goma in kashe maka abdet." A ɗora Windows 7, ko Windows 10 da aka rufe wa hanyar sabuntawa, a bi ta da Office 2007 ko 2010, da CorelDraw, da manhajar kashe ƙwayar cuta ta Smadav saboda filashi. Sikirin ya kawo haske, a ce ta tashi, tana aiki. A biya, a yi godiya, a rabu lafiya.

A wannan ciniki ne matsalar take, kuma ba mai saye ba mai gyara da yake ganinta da ido.

Babbar manhaja irin Windows rubutu ne na miliyoyin layuka, kuma babu yadda za a yi irin wannan rubutu ya rasa kurakurai. Wasu kurakuran ƙofofi ne da mai kutse zai bi ya shiga inji ba da izini ba. Tun 2003 kamfanin Microsoft ya mayar da Talata ta biyu a kowane wata ranar fitar da faci na toshe waɗanda aka gano. Amma kowace Windows tana da ranar da ake daina yi mata wannan hidima. Windows XP, wadda ta fito a 2001, an yaye ta ranar 8 ga Afrilu 2014. Windows 7 ta fito a 2009, aka daina kula da ita ranar 14 ga Janairu 2020. Windows 8.1 ta bi baya a Janairun 2023. Windows 10, wadda ita ce ta cika shagunanmu, wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025, rana ɗaya da Office 2016 da 2019. Office 2007 kuwa tun 2017 aka sallame ta.

Ranar da wa'adi ya cika babu abin da ke faruwa a kan sikirin. Injin zai tashi kamar jiya, firinta za ta buga, Word zai buɗe. Mai ajiye albasa a Aliero ya san irin wannan: bawo yana sheƙi, ciki ya fara ruɓewa, ba a ganewa sai ranar da aka zo lodin mota. Abin da ya sa lamarin ke ƙara muni kowane wata shi ne sababbin Windows da tsofaffi sun yi tarayya a sassa da yawa na rubutunsu. Duk lokacin da aka fitar da faci ga sabuwa, masu kutse sukan kwatanta yadda take kafin facin da bayansa, su gane ainihin inda ramin yake, sannan su juya kan tsohuwar da ba za a taɓa toshe mata shi ba. Facin da ya kare wani shi ne ya nuna hanyar shiga injin wani.

Duniya ta ga abin da ramin da ba a toshe ba ke jawowa ranar 12 ga Mayu 2017, lokacin da wata ƙwayar cuta mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kusan 150, ta kama kwamfutoci sama da 200,000. Tana kulle fayilolin da ke inji, ta nemi a biya dala 300 da Bitcoin kafin a buɗe. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin likita kusan 19,000. Lamarin ya kai Microsoft ya karya dokarsa, ya fitar da faci na gaggawa har ga XP da ya yi shekara uku da bari. Amma akwai ɓangaren labarin da ya fi shafar shagunan Jega. Facin ramin da WannaCry ta bi ya fito tun watan Maris, wata biyu kafin harin, kuma mafi yawan injunan da ta kama Windows 7 ne, wadda a lokacin ana kula da ita. Masu su ne ba su ɗora facin ba. Ke nan Windows da aka kashe wa sabuntawa da Windows da aka yaye, a wajen ɓarawo duk ɗaya ne.

Dalilin kashe sabuntawar ba ɓoyayye ba ne. Data kuɗi ce, kuma Windows 10 tana iya shanye abin da ɗalibi ya saya na mako guda a dare ɗaya. Mai kafe ba ya son injinsa ya tsaya yana juya ɗigo-ɗigo alhali mutum goma na jira a benci, ranar rufe rajista. Ga kuma batun lasisi. Yawancin manhajojin da ake ɗorawa ba sayensu aka yi ba, ana kunna su ne da wasu ƙananan manhajoji na fasa makulli da aka sauko da su daga shafukan da ba a san masu su ba. Kafin su yi aiki sai an kashe mai gadin da ke cikin Windows ɗin, a ba su cikakken iko a kan injin. Masu binciken tsaro sun sha kama manhajar satar kalmomin sirri a ɓoye cikin irin waɗannan. Filashi ɗaya na mai gyara, idan ya ɗauko irin wannan, zai raba wa duk injin da aka kawo masa a wannan zangon karatu, da hannunsa, yana nufin alheri.

A yankinmu ɓarna ba ta cika zuwa da hayaniya irin ta asibitocin Ingila ba. Ta fi biyowa ta ƙananan hanyoyi. Akwai filashi, wanda ke yawo daga ɗakin kwanan ɗalibai zuwa shagon fotokwafi zuwa ofishin malami. Duk wanda ya yi karatu a Aliero ya san cutar da ke ɓoye fayiloli ta bar inuwarsu, ɗalibi ya zo idonsa cike da ƙwalla firojet ɗinsa ya ɓace. Wannan ita ce mai sauƙi, domin ana ganinta. Akwai takardar Word da ke zuwa ta imel da sunan tallafi ko gurbin aiki, wadda buɗe ta kawai a tsohuwar Office ya isa; wani rami da aka toshe a sashen rubuta lissafi na Office a 2017 ya yi shekaru yana cikin waɗanda 'yan damfara suka fi amfani da su, saboda yawan injunan da ba a taɓa yi wa facin ba. Sannan akwai burauza. Chrome ya daina sabunta kansa a kan XP a 2016, a kan Windows 7 kuma ya tsaya a lamba 109 tun farkon 2023. Wanda ke shiga intanet da shi yau, duk ramukan da aka gano tun daga lokacin a buɗe suke a gabansa.

Yanzu a duba abin da ke cikin kwamfutar kafe guda ɗaya. Buɗe jakar da fayiloli ke sauka, za ka tarar da takardun NIN na ɗaruruwan mutane, hotunan fasfo, takardun haihuwa, shaidar ƙaramar hukuma, takardun banki masu lambar asusu, lambobin waya, sa hannu da aka yi wa sikanin. Burauza ta riƙe kalmomin sirrin imel na mutanen da suka shiga suka manta ba su fita ba, kuma sau da yawa yaron shagon ne ma ya ƙirƙira musu imel ɗin da kalmar, ya rubuta a littafi. An sha shigar da lambar katin ATM a wannan injin don biyan kuɗin makaranta ta Remita. Wannan shi ne ainihin kayan da ɗan damfara ke nema, wanda zai kira tsoho a Maiyama ya faɗa masa cikakken sunansa da ranar haihuwarsa da bankinsa, har ya yarda cewa daga banki ake kira, ya karanto lambar da aka turo masa. Idan kuɗin albasar shekara suka tafi, ba wanda zai tuna da kwamfutar da aka buga takarda a kanta wata shida baya. Abin da ya fi ci mini rai ke nan: wanda ya zaɓi Windows ɗin daban, wanda zai yi asara daban, kuma na biyun bai ma san an yi zaɓi ba.

Doka ta fara magana a kai. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta kuma ɗora wa duk mai karɓar bayanan mutane nauyin kiyaye su. Mai kafe yana cikin masu karɓar. Sai dai daga Abuja zuwa bencin shago a Maiyama akwai tazara, kuma a ganina kafin wani jami'i ya iso, mutumin da ya fi kowa damar gyara lamarin shi ne wanda ke riƙe da filashin fomat.

Ba adalci ba ne a ɗora masa laifin duka. Katanga aka gina masa a gaba. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, ba ta yarda ta hau kowane inji ba: tana neman wata ƙwayar tsaro mai suna TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar Intel ta ƙarni na takwas zuwa sama, wato kusan injunan da aka ƙera daga ƙarshen 2017. Folio da Latitude ɗin da suka cika hannun ɗalibai ba su kai ba, duk da lafiyarsu lau. Kamfanin bincike na Canalys ya yi ƙiyasi a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 za su iya zama shara saboda yaye Windows 10. Mun san inda irin wannan shara ke ƙarewa. Za su zo kasuwanninmu da araha, da kyan gani, kuma ɗalibin da iyayensa suka sayar da buhunan gero don saya masa ba zai san an riga an rufe musu ƙofa ba. Ce wa irin wannan ɗalibi ya sayi sabuwa, a farashin dala na bayan 2023, ba shawara ba ce.

Masu gyaran da suka san ciwon sana'arsu suna da hanyoyi, ko da yake kowacce da tsadarta. Nauyin da ke sa mutane gudun sabuwar Windows sau da yawa daga tsohuwar ma'ajiya mai juyawa yake. A canza ta da SSD, a ƙara ram, injin shekara goma ya miƙe. Microsoft ya buɗe wa masu Windows 10 ƙarin shekara guda ta facin tsaro zuwa 13 ga Oktoba 2026 ga wanda ya yi rajista, jinkiri ne kawai amma yana da amfani. Wasu suna amfani da manhajar Rufus su tsallake sharuɗɗan Windows 11 su ɗora ta a kan tsohon inji. Tana aiki, sai dai kamfanin ya ce bai yi alkawarin ci gaba da ba irin waɗannan injuna faci ba, kuma ya kamata mai kaya ya ji wannan kafin ya biya. Akwai kuma Linux, irin su Ubuntu da Mint, kyauta, marasa nauyi, waɗanda ake ba faci shekara biyar ga kowane babban fitowa. Ga wanda aikinsa rubutu ne da intanet, ta wadatar. Ga mai tsara katin biki da CorelDraw, ko ɗalibin injiniya mai AutoCAD, ko shagon da ke da na'urar ɗaukar zanen yatsa da Windows kaɗai ta sani, ba ta yi ba, kuma wanda ya ce ta yi bai zauna a shago ba.

Dabarar da na fi ganin ta dace da aljihun mai kafe ita ce raba aiki. Tsohon injin da ke riƙe da CorelDraw da tsohuwar firinta ya ci gaba da zamansa, amma a yanke shi daga intanet kwata-kwata. Injin da za a shiga shafin JAMB da Remita da imel ɗin mutane ya zama guda ɗaya mai karɓar faci, a ware masa data kamar yadda ake ware kuɗin mai, a bar shi ya sabunta da dare. Yaran shago su yi aiki da asusun da ba shi da ikon ɗora manhaja. A hana burauza riƙe kalmar sirri. Kowace yamma, kafin a kashe janareto, a share takardun mutane. Takarda ta zo ta WhatsApp ko imel maimakon filashi inda hali ya yi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar sabon inji.

Abin da ke hana su yaɗuwa shi ne yadda ake biyan mai gyara. Ana biyansa ne a kan abin da ido ya gani: sikirin da ya fashe ya koma sabo, injin da ya mutu ya tashi. Fomat na gaggawa bai fi sa'a guda ba. Fomat na gaskiya, da sauko da manhaja daga inda ta fito, da jiran faci ya gama shiga, da kwashe fayilolin mai kaya a tace su, yana iya cin yini, da data, da man janareto, kuma a ƙarshe sikirin ɗin iri ɗaya ne da na maƙwabcin da ya karɓi rabin kuɗin. Mai kaya zai ce, "Maigida, ai wancan shagon bai kai haka ba." Sai Injiniya ya zaɓa tsakanin yin bayanin abin da ba a gani da barin ciniki ya tsallaka titi.

Akwai masu zaɓar bayanin, kuma suna buƙatar a tallafa musu. Jami'ar Aliero tana koyar da ilimin kwamfuta, kuma ɗalibanta ne manyan abokan cinikin waɗannan shaguna. Yini guda na bita ga masu gyara da masu kafe na garuruwan uku, da Hausa, kafin lokacin rajista, ba abu ne mai tsada ba. Masu sana'ar su ma suna iya haɗa kai su sanya farashi biyu a fili, na fomat kawai da na fomat mai faci, don mai kaya ya san me yake saye. Makarantu da sakatariyoyin ƙananan hukumomi, waɗanda ke riƙe da bayanan ɗalibai da na ma'aikata, su ne ya kamata su fara biyan farashi na biyun, su kuma nemi a rubuta musu a rasit wace Windows aka ɗora da ranar da wa'adinta zai ƙare.